Mai sana'ar kansa, riƙe rasit kafin ma'aikacin haraji ya zo

Ƙannena masu sana'ar kanku, haraji a kan riba yake, ba a kan cinikin da ya ratsa hannunku ba. Ni sai da na yi shekaru ina casar shinkafa a Argungu kafin wannan magana ta zauna mini. Na ɗauka dabara ita ce ɓuya. Ashe wanda ba shi da lissafi a rubuce, ma'aikacin haraji ne ke yi masa ƙiyasi, kuma doka ta ba shi wannan dama. Ya ga buhunan shanshera jibge har bakin ƙofa, ya ji ƙarar inji, ya rubuta abin da idonsa ya gaya masa. Bai ga dizal ɗin da injin ya sha ba, bai ga kuɗin 'yan dako da na matan da ke yi mini gumi ba. Da baki na biya su duka, da baki kuma na zo ina kare kaina.

Ku duba yadda lissafin yake. Dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 ta farko a shekara, sannan ta ɗora kashi 15 cikin ɗari a kan miliyan 2.2 da ke biye. A ce ribarka miliyan 2 ce: harajinka 180,000. In rashin rasit ya sa aka ƙiyasta maka miliyan 3, ya koma 330,000. Naira 150,000 ke nan ta tafi saboda takardun da ka bari iska ta kwashe a gidan mai.

Babbar ɓarnar da na yi wa kaina ita ce asusu ɗaya. Kuɗin shinkafa, gudummawar biki, adashin maiɗakina, aiken ɗan'uwa daga Legas, duk nan suke faɗawa. Ranar da aka nemi bayanin banki, kowane kuɗi da ya shigo kamar ciniki yake. Ka buɗe wa sana'a asusunta daban, ka sayi littafi mai kauri, kullum bayan sallar isha'i ka rubuta shiga da fita. Ɗan dako ba shi da rasit, to ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Abin da ake cirewa shi ne wanda aka kashe don sana'ar kaɗai: hayar shago, mai, gyaran inji, buhuna, albashin yara. Cefanen gida da ragon suna ba sa ciki, kada ma ka gwada. Sabon inji kuwa ba a cire kuɗinsa a tashi ɗaya, rarraba shi ake yi kan shekaru, don haka takardar sayensa ta fi kowace daraja. Mai zaman gidan haya kuma yana da rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa 500,000.

Harajin mai sana'ar kansa na hukumar tara haraji ta jiha ne, kuma ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Maris. In takardar ƙiyasi ta zo ba ka yarda da ita ba, kwana 30 gare ka ka kai ƙorafi a rubuce. Tawa a aljihun mota ta kwana har wa'adin ya wuce, na biya yadda aka rubuta.