Littafina Mai Layi 44 da Zaɓen Gwamnan Kano

Ina da wani littafi mai baƙin bango da na ja wa layi 44, kowace ƙaramar hukuma ta Kano da layinta. Ba ni da muƙami a jam'iyya, ba kuma aikin jarida nake yi ba. Son lissafi ne kawai da son siyasa suka haɗu mini. Duk zaɓe nakan zauna in cike layukan da alƙaluman da nake zato, in tara, in faɗa wa 'yan uwa da abokai wanda nake ganin zai ci. Da yake nakan zo da lamba a hannu, sai mutane suka riƙa ɗaukar maganata da nauyi, wani lokacin fiye da yadda ta cancanta.

A 2019 na yi kuskure biyu cikin mako uku, kuma na biyun ya fi ci mini rai har yau.

Na farko ya samo asali ne daga zaɓen shugaban ƙasa na ranar 23 ga Fabrairu. Buhari ya samu ƙuri'a 1,464,768 a Kano, Atiku ya samu 391,593. Na dubi wannan tazara na ce ai magana ta ƙare, guguwar nan za ta kwashi Gwamna Ganduje na APC, jam'iyyar Buhari, ta kai shi wa'adi na biyu ba tare da gumi ba. Na nuna wa kawuna lissafin, mutumin da ya sha zama ejan a bakin akwati tun ina ƙarami. Ya duba ya miƙo mini littafin, ya ce, "Kai ɗan nan, ƙuri'ar Buhari ta Buhari ce, ba a gadonta. Ka je ka saurari abin da mutane ke faɗa." Lallai a lokacin an rage jin "sak", an koma jin "cancanta", amma ban ga inda zan sa wannan a cikin layukana ba, don haka na watsar.

Aka yi zaɓen gwamna ranar 9 ga Maris. Da sakamakon ƙananan hukumomin cikin birni ya fara shigowa, na ga Abba Kabir Yusuf na PDP yana jan zare, sai na yi tsalle daga wannan gefe na faɗa wancan. Na tara abin da ke hannuna, na ga Abba na gaba, na tura wa duk wanda na saba tura wa saƙo cewa an gama, Abba ne gwamna. Ƙanena, wanda jar hular Kwankwasiyya ba ta barin kansa, ya karanta saƙon ya hau babur ya fita murna da abokansa cikin dare.

Alƙalumana ba su yi ƙarya ba. Abba na da 1,014,474, Ganduje na da 987,819, tazarar 26,655. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙa'idar tazara: idan yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ya zarce ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a ayyana kowa sai an sake zaɓe a waɗannan wuraren. Masu zaɓen rumfunan da aka soke kuwa, har da na mazaɓar Gama ta ƙaramar hukumar Nasarawa, sun haura 100,000. Aka ce zaɓe bai kammala ba, kalmar "inkonkulusib" ta shiga bakin yara da manya. Ranar 23 ga Maris aka ƙarasa, cikin yanayin da masu sa ido na gida da na waje suka ba da rahoton tashin hankali da razana masu zaɓe. Ganduje ya ƙare da 1,033,695, Abba da 1,024,713. Ƙuri'a 8,982 ce ta raba su.

Ƙanena ya dawo gida lafiya a wancan daren, na gode wa Allah. Amma bayan sanarwar ƙarshe ya same ni ya ce, "Yaya, ba kai ka ce an gama ba?" Ban sami amsa ba. Mutane sun ji rauni a kwanakin nan, kuma ni ne na ba shi dalilin fita titi da wata nasara da hukuma ba ta tabbatar ba. Wannan ne ya sa na daina ɗaukar hasashe a matsayin hira.

Kafin 2023 na gyara littafin. Na ƙara gurbin rumfunan da aka soke. Na rubuta sharaɗin sashe na 179 na kundin tsarin mulki a saman shafi: rinjayen ƙuri'a, da kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, wato 30 daga cikin 44 a Kano. Na kuma yi wa kaina alkawarin ba zan ɗora zaɓen shugaban ƙasa a kan na gwamna kai tsaye ba.

Alkawarin nan na cika rabinsa ne kawai. Ranar 25 ga Fabrairu Kwankwaso na NNPP mai alamar kayan marmari ya samu 997,279 a Kano, Tinubu na APC 517,341, Atiku 131,716. Tazarar da ke tsakanin kayan marmari da tsintsiya ta kusa 480,000. Na san ba za ta tsaya haka ba, sai na yanke ta kusan biyu, na rubuta cewa Abba, wanda a lokacin yake NNPP, zai ci da ratar da ta kai 250,000. Aka ɗage zaɓen daga 11 zuwa 18 ga Maris saboda sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ban taɓa lissafina ba, alhali mako guda a siyasa ba ƙaramin lokaci ba ne ga jam'iyyar da ke riƙe da gwamnati kuma ta ga rijiya a gabanta.

Sakamako ya fito: Abba 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC 890,705. Na canki wanda ya ci, amma ratar 128,897 ce, rabin abin da na rubuta. Na kwana biyu ina jujjuya alƙaluman, kuma a nan na ga abin da ya fi komai amfani a duk shekarun da na yi ina wannan aiki. A jera su: 1,014,474 a 2019 ƙarƙashin lema, 997,279 a Fabrairun 2023, 1,019,602 a Maris. Jam'iyya ta canza, alama ta canza, ɗan takara ya canza tsakanin maigida Kwankwaso da yaronsa Abba, amma ƙuri'ar Kwankwasiyya na nan daram a bakin miliyan ɗaya. Tsakanin abin da Abba ya samu a zagayen farko na 2019 da na 2023, bambancin 5,128 ne kacal. Duk motsin yana ɗaya ɓangaren ne. Gawuna ya ɗara Tinubu da ƙuri'a 373,364 cikin mako uku, ɗan takarar PDP kuwa bai kai 20,000 ba. Ke nan na ɓata ƙarfina wajen auna ɓangaren da ba ya motsi, na bar tambayar da ta fi muhimmanci: mutum nawa ne daga cikin waɗanda ba sa tare da jar hula za su fito, kuma za su haɗu a kan mutum ɗaya ko za su warwatsu? Ban kuma ba wa Gawuna haƙƙinsa ba. Mutum ne da ya shugabanci ƙaramar hukumar Nasarawa kafin ya zama mataimakin gwamna, yana da jama'arsa na ƙashin kansa, waɗanda ba su da alaƙa da wanda ke takarar shugaban ƙasa.

Abin da na yi daidai a wannan karon shi ne kame baki. Daren Lahadi wayata ba ta huta ba. Duk wanda ya kira, amsa ɗaya nake ba shi: ga ƙananan hukumomin da aka karanta, ga waɗanda suka rage, ga tazara, a jira baturen zaɓe. Wasu sun ji haushi, wani abokina har ya ce na zama matsoraci. Ƙanena ya shigo ɗakina wajen ƙarfe biyu ya ce, "Yaya, don Allah faɗa mini gaskiya." Na ba shi littafin ya tara da kansa, na ce ya zauna. Tare muka ji sanarwar da safiyar Litinin, 20 ga Maris, ranar da gwamnati ta sa dokar hana fita.

Na rufe littafin ina ganin an kai ƙarshe, ashe da saura. Ranar 20 ga Satumba kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta zaftare ƙuri'a 165,663 daga na Abba, bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu. Ya rage da 853,939, aka ce Gawuna ne ya ci. Kotun ɗaukaka ƙara ma ta yanke hukunci a kan Abba ranar 17 ga Nuwamba. A nan ba ni da abin aunawa ko kaɗan, domin ban san shari'ar zaɓe ba, kuma duk wanda ya tambaye ni na gaya masa hakan, na tura shi wajen lauyoyi. Sai ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un, ta tabbatar da Abba a kujerarsa, wata goma bayan an kaɗa ƙuri'a.

Da yammacin ranar na kai wa kawu littafin. Ya bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan jerin miliyan ɗayan nan da na zagaye da jan biro. Ya ce, "Wannan ka gano gaskiya, amma na mutanen da suka fito ne. Masu rajista a Kano sun kusa miliyan shida, waɗanda suka yi zaɓen gwamna kimanin miliyan biyu ne. Ina layin sauran?" Na karɓi littafin na buɗe sabon shafi, na rubuta 2027 a samansa, na ja musu layi na 45.