Inda Muka Kwana da Mai Tsara Lambu

'Yan'uwa masu koyon shuka, barkanmu da damina. Masu tambaya ko na fasa gyaran tsakar gidan nan na wajen Ƙofar Ƙaura, ban fasa ba. Renon tsiro a tukwane da bokitan fenti na iya shi daidai gwargwado, amma buɗaɗɗen fili karatu ne daban, shi ya sa na nemo mai tsara lambu. Yanzu dai itatuwa sun shiga rami, hanya da wurin zama suna jira.

Mai tsara lambu daban, mai sayar da fulawa na bakin titi daban, gadina mai ban ruwa da aski shi ma daban. Mai fulawa abin da ke gabansa zai sayar maka, kuma ba laifinsa ba ne. Shi mai tsarawa tunani yake sayarwa: me za a sa, a ina, me ya sa, wa zai kula da shi. A Katsina sau da yawa mutum guda ke riƙe da dukkan ukun, to nan ne za ka buɗe ido. Idan yana da nasa wurin renon dashe, kada ka yi mamaki ka ga zanensa ya cika da abin da yake neman kai da shi. Ni na roƙi nawa ya kai ni gidajen da ya yi wa aiki, ba na bana ba, waɗanda suka ci bazara biyu ko uku. Lambu a watan Agusta kowa gwani ne. A Afrilu ake sanin wanda ya iya.

Zuwansa na farko bai ambaci fulawa ko ɗaya ba. Ya auna fili da tef, ya nemi a nuna masa inda sokawe yake da inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi, ya tsaya ya duba inda ruwan indararo ke zuba. Ya sa aka haƙa rami kamar ƙafa biyu, ya damƙi ƙasar da ya jiƙa, da ya buɗe hannu ta warwatse. Ya cika ramin da ruwa, kafin mu gama shan shayi ya tsotse. "Malam, jigawa ce," in ji shi, "ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Sai mun ciyar da ita kafin ta ciyar da wani abu." A kusurwar yamma kuma ƙarƙashin yashin duk ɓaraguzan bulo ne da busasshen siminti da magina suka binne, sai da aka kwashe.

Daga nan ya koma tambaya, kuma yawancinta ba ni ya yi wa ba. Daga bakin ƙofar shiga cikin gida ya tsaya: "Hajiya, ina kike shanya? Ina ake girki idan an yi taro? Yara ina suke wasa? Ana ɗaure ragon layya a nan?" Amsoshin nan su suka yanka filin tun kafin ya taɓa takarda. Tsakiya ya bar ta fayau don tabarma da taron suna, shuka duk ta koma gefe.

Inda muka fi daɗewa shi ne ruwa. Ni ciyawa nake so, shimfiɗa kore irin ta gidajen GRA. Bai ce mini a'a ba, biro ya ɗauka. A lissafinsa, da bazara kowace murabba'in mita ta ciyawa tana neman kamar lita 5 a rana, wani lokaci fiye. Wurin da na nuna ya kai murabba'in mita 40, ke nan lita 200, jarka 8 mai lita 25, kullum, kafin a yi maganar girki da wanki. Ruwan samanmu kuwa daga Yuni zuwa Satumba ne, saura duk daga aljihunka ko daga burtsatse. Ya ce, "In kana da rijiyar burtsatse da sola, bismillah. In 'yan ga-ruwa za ka riƙa jira, a Maris za ka fara jin haushin ciyawar nan." Muka rage ta zuwa ɗan wurin da mutum huɗu za su zauna, kuma kiri-kiri za a sa, wadda ta saba da ranarmu. Ruwan alwala ya ja masa 'yar kwata zuwa gindin lemun tsami. Sauran itatuwa da siririn tiyo mai ɗigo za a shayar da su daga tanki.

Zanen da ya kawo takarda ɗaya ce, an zana gidan daga sama, kowace bishiya da'ira ce. Abin da ya burge ni, girman da'irar ba na dashen yau ba ne, na bishiyar ce idan ta shekara goma. Nan na ga cewa mangwaro biyu ba za su zauna a inda na so ba, don tsakaninsu na neman mita 8 zuwa 10. Aka bar ɗaya, mai aure, wanda ke fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4. Darbejiya ya fitar da ita waje bakin titi, nesa da katanga da sokawe saboda saiwa. Itacen turare ya ce kada ma a kawo shi, shan ruwansa ya yi yawa. Bangon yamma, wanda ke gasa ɗakin yara da la'asar, nan ya jera itatuwa masu inuwa.

Ba duk abin da ya ce na karɓa ba. Ya so ya yi shinge da rawayar fulawar nan da ake yi wa aski a gaban bankuna. Inna ta ce lalle take so, ni ma na goyi bayanta: yana jure fari, yana karɓar aski, furensa da ƙamshi, ga amfanin ganye. Ya yi ɗan jim, ya ce a zane ba zai yi kyau kamar waccan ba, amma ya yarda. Zogale ma sai da na matsa aka ba shi layi a bayan kicin. Ya kuma sa fulawar nan da ake kira karya a bakin ƙofa, na ce a ɗaga ta a tukunya mai tsawo, don ruwanta guba ne kuma gidan akwai masu rarrafe. Gidanka ne, kai za ka zauna a ciki bayan ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Maganar kuɗi a rubuce muka yi ta, da shaida. Kuɗin zane daban, na kaya daban, na leburori daban, kuma dashe da ni aka je aka zaɓo. Biya kashi uku: kafin a fara, bayan dashe, na ƙarshe sai tsirrai sun kama. Mun rubuta cewa abin da ya mutu cikin wata uku shi zai sake, in dai ba rashin ban ruwa ko akuya ba ce ta kashe shi. Mun kuma yanka lokacin shigowar ma'aikata, daga hantsi zuwa azahar, don matan gida su san yadda za su tsara aikinsu.

Ramukan ƙafa biyu ne faɗi da zurfi. Ƙasar sama aka cuɗa da kashin shanu wanda ya ruɓe sosai, don ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. Sai da ruwa ya zauna a Yuli muka dasa, da yamma, aka yanke ledar, aka yi wa kowanne ɗan kwano a gindi da keji na waya. Gwaiba da lemu sun fito da sabon ganye. Mangwaro ya yi laushi kwanakin farko, yanzu ya miƙe.

Gara ce ta fara leƙo gindin gwaiba. Shi magani na kanti ya ba da shawara, ni kuma na fara da toka da garin 'ya'yan darbejiya, na janye busasshiyar ciyawar da aka rufe gindin da ita ta daina taɓa kara. Wanda ya gwada wannan a ƙasa mai yashi irin tamu ya faɗa mini sau nawa yake maimaitawa da damina, don ruwa na wanke tokar. Intalok na hanya sai bayan ruwan Agusta, yana so mu ga inda ruwa ke kwanciya tukuna kafin a fitar da gangara.