Malamin Hawayi da wayoyin filin Idi a Garwa

Ranar ƙaramar Sallah, muna saukowa daga Idi a nan Garwa, ɗan ƙanwata ya ciro waya zai yi wa uwarsa barka da Sallah a Marwa. Ya buga sau uku, kira ya ƙi fita, ga kuma rezo cike a fuskar wayar. Ya juyo ya ce, "Kawu, kai da ba ka da aiki sai hawa ƙarfen sabis, me ya hana?" Na ce ya dubi gabansa da bayansa. Tsofaffi masu manyan riguna, yara da sabon ɗinki, masu babur da ke jiran fasinja, kowa waya a kunne.

Muna tafe ina yi masa bayani. Kafin waya ta samu layi, sai ta fara yi wa eriya sallama ta wata 'yar ƙaramar ƙofa da duk wayoyin unguwa ke tarayya a kanta, kuma babu mai tsara wa zai fara. Idan biyu suka yi sallama lokaci guda, muryoyin su cakuɗe, eriya ba ta ji ko ɗaya ba. Sai kowace ta ja da baya, ta ɗan jira gwargwadon abin da ƙuri'arta ta ba ta, ta sake gwadawa. Ranar Idi masu sallama sun yi yawa, layukan cikin gidan ma sun ƙare.

Wannan dabara tana da mai ita, kuma tun ina koyon aiki a Ngaundare sunansa ya zauna mini a rai. Norman Abramson, malami a Jami'ar Hawayi ta Amurka, an haife shi a 1932, ya rasu ranar 1 ga Disamba 2020. Matsalarsa irin tamu ce: nisa. Babbar kwamfutar jami'ar tana tsibirin Owahu, masu son amfani da ita suna warwatse a wasu tsibiran, teku a tsakani, layin tarho kuma ga tsada ga rashin dacewa da aikin kwamfuta. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Franklin Kuo, suka koma wa rediyo. Ya gabatar da tsarin a wata maƙala a 1970, a watan Yuni 1971 kuma hanyar sadarwar da suka gina a kansa, mai suna ALOHAnet, ta fara aiki, tana tura bayanai ƙunshi-ƙunshi ta iska da gudun bit (ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta) 9,600 a daƙiƙa. Yau hoton WhatsApp ɗaya zai sa ta gumi.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye raunin abinsa ba. Da lissafinsa ya nuna cewa idan kowa zai yi magana sa'ad da ya ga dama, abin da za a mora daga tashar bai wuce kusan kashi 18 cikin 100 ba, saura ya tafi a karo da jira. Wani zai ce asara ce. Amma kwamfuta ba ta surutu kamar mai hira a tarho. Takan faɗi 'yar magana ta yi shiru mai tsawo, don haka ware wa kowace layinta shi ne babbar ɓarna. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna cewa idan aka yanka lokaci gida-gida, kowa ya fara magana a farkon gida kawai, amfanin zai ninka ya kai kusan kashi 37. Wannan gyararren ne ke tsare ƙofar sallama a tsarin wayar salula na GSM, wato ƙofar da wayar ɗan ƙanwata take ƙwanƙwasawa.

Daga nan zancen ya yi rassa. Robert Metcalfe ya karanta aikin, ya gina Ethernet a kansa a 1973 a cibiyar binciken Xerox, kuma ita ce wayar da nake ja a bangon ofisoshi har yau. Wi-Fi ma jikar ALOHAnet ce, sai dai ta fi kakarta ladabi: tana saurarawa kafin ta buɗe baki, in ta ji wani na magana ta dakata. Duk wanda ya zauna majalisar dattawa ya san wannan tarbiyya. A 2007 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta ba Abramson lambar yabo ta Alexander Graham Bell.

Malaman jami'a da nake yi wa aiki sukan auna bincike da yawan waɗanda suka ambace shi a rubuce-rubucensu. Ban raina awon ba, amma nawa daban ne. Su Abramson ba su yi wa ALOHA rajistar mallaka ba, sun buga ta a fili kowa ya ɗiba, kuma ina ganin shi ya sa ta yi nisa har ta iso mu. Ƙauyuka da yawa na bakin Binuwai ba su taɓa ganin wayar tarho ta ƙasa ba, amma yau masunci yana jin farashin kifi a kasuwa kafin ya fito daga kwalekwale, mai shanu yana karɓar kuɗinsa ta waya ba tare da ya ratsa daji da su a aljihu ba. Kowane kira daga cikin waɗannan da irin waccan sallama yake farawa.

Bayan mun ci tuwon Sallah, jama'a sun watse, yaron ya sake bugawa, bugu ɗaya ta shiga. Da suka gama gaisawa ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Kawu, to wa ke faɗa wa wayar tsawon jiran da za ta yi?" Na ɗauki tsinke na zana masa layi biyu a ƙasa, na nuna masa inda suka haɗu, na ce ya zo shago bayan hutun Sallah, akwai tsohuwar na'urar Wi-Fi da za mu kwance tare.