Jinya a inda mota ba ta zuwa

Da la'asar muka isa sansanin, bayan motar ta gama fama da hawan da ya tashi daga Mayo Selbe zuwa kan tsaunin Mambila. Ko ruwa ba mu sha ba likitar da ke jagorantar horon jinya a daji da muka zo yi ta shimfiɗa tabarmi, ta ce kowa ya zazzage jakarsa da aljihunsa. Muka zube abin da muka zo da shi: tocila, zani, rawani, wayar caji, ledar garin kwaki, carbi, bel, gorar ruwa. Ta zagaya tana dubawa, sannan ta ce, "Daga yau har kwana shida, wannan ne asibitinku."

Mu goma sha takwas ne, akwai likitoci, ungozomomi, jami'an lafiya na karkara da ma'aikatan jinya irina. Na shekara goma sha ɗaya ina aiki, huɗu a sashen gaggawa na wani babban asibiti a birni, sauran a wani ƙaramin asibiti da ke karkarar kudancin Gombe. Na zo da tunanin cewa maimaici za a yi mini.

Wannan fanni na jinya a daji ya yi ƙarfi ne a ƙasashen Turawa saboda masu hawan duwatsu da masu yawon buɗe ido. A 1983 wasu likitoci uku a Kalifoniya ta Amurka suka kafa ƙungiyar Wilderness Medical Society, wadda har yau ake bin ƙa'idojin da take fitarwa. Ma'aunin da aka saba koyarwa shi ne, idan tsakanin majinyaci da asibitin da zai iya gama masa aiki ya haura tafiyar awa ɗaya, to an shiga hurumin wannan fanni. Da aka faɗi haka sai muka kalli juna. Daga inda nake aiki zuwa asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, awa biyu ne da rani. Da damina kuwa sai yadda rafi ya ga dama. Abin da Bature ke shiga da gangan lokacin hutunsa, mu a cikinsa muke kwana muke tashi, kuma babu makarantar da ta shirya mu a kansa.

Washegari aka jarraba mu. An kwantar da wani matashi a gindin gangare, an shafe masa fuska da jan ruwa, aka ce ɗan acaba ne ya faɗi. Ni aka tura. Na durƙusa, na yi masa magana, na duba bakinsa, na hau goge raunin goshi, ina tambayar wa ke da abin awon jini. Ɗaya daga cikin malaman, tsohon ma'aikacin lafiya na soja, yana tsaye yana kallon agogo. Can sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, bar shi haka. Majinyacinka ya rasu." Ya ɗaga ƙafar wandon yaron, sai ga leda cike da jan ruwa tana tsiyaya a bayan cinya, ƙasa ta shanye. Ban juya shi ba, ban shafa bayansa ba. A asibiti akwai mai yanke tufafi, akwai fitila, akwai farin zanen gado da ke tona asirin jini. Ƙasa ba ta tona komai. Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tuno mutanen da aka kawo mini a bayan akori-kura cikin duhu, ina tambayar kaina nawa ne na duba rabinsu.

Jerin abubuwan dubawa a jikin majinyaci da suka dasa mana a ka shi ne: zubar jini mai yawa tukuna, sai hanyar iska, sai numfashi, sai zagayen jini, sai kare jiki daga sanyi. Babbar jijiyar cinya idan ta tsinke, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintuna. Mun yini muna ɗaure juna. Idan babu ɗaurin tsai da jini na kanti, a sami ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku ko huɗu, a ɗaura sama da raunin da kimanin santimita 5 zuwa 7, kada a kan gaɓa, a sa sanda mai ƙwari a murɗa har jini ya tsaya, a ɗaure sandar. Igiya da waya da roba suna yanka nama ne kawai. Ɗaurin da aka yi daidai yana da zafi ƙwarai, na ji a hannuna, kuma wannan zafin ne ke sa mai taimako ya tausaya ya sassauta, jini ya dawo. Sai a rubuta lokacin da aka ɗaura a goshin majinyaci ko a kan ƙyallen, domin bayan awa biyu haɗarin lalacewar gaɓa yana ƙaruwa, kuma wanda zai karɓe shi a gaba dole ya sani. Inda ɗauri ba ya kamawa, kamar matsematsi ko hamata, a cusa bandeji ko tsaftataccen ƙyalle har cikin ramin, a danna da nauyin jiki minti goma ba ɗagawa. Wanda ake zargin ƙashin ƙugunsa ya karye, zani ya isa: a naɗe shi daidai kan ƙasusuwan da suka fito a gefen cinya, a tamke.

Wasu darussan mun wuce su da sauri. Ruwan da za a iya sha ya isa wanke rauni, abin da ake so shi ne yawansa da ƙarfin feshinsa, ko da sirinji ko da leda da aka huda. Wanda zafin rana ya buge har ya fara sambatu, a jiƙa shi a yi masa fifita nan take kafin a yi maganar mota, farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Idan tsawa ta faɗa wa mutane da yawa, a fara da wanda ya yi shiru ba ya numfashi, domin shi ne ake iya dawo da shi, masu ihu suna da sauran lokaci. Na riƙe wannan saboda makiyayanmu. Karaya kuma, da na ga yadda ake tallafe ta da sanduna da tsumma, sai na tuna karan ɗorin da na gani tun ina yaro. Bambancin shi ne mu muna duba ɗumin yatsu da motsinsu kafin ɗauri da bayansa.

Dare na huɗu ne ya fi zauna mini. Ƙarfe tara aka tashe mu, aka ce wata mata ta faɗo daga doki a wani kwari, cinyarta ta karye. Ɗaya daga cikin ungozomomin ce ta kwanta a matsayinta. Muka sari gora biyu, muka zura su cikin buhunan masara uku, gadon ɗauka ya samu. Mutum shida ke ɗauka, shida na jiran canji, ɗaya na gaba da tocila. Tazarar ba ta kai kilomita biyu ba, amma sai da muka haura awa biyu. Tun daga ranar, idan wani ya ce mini "a ɗauko shi kawai," na san abin da kalmar take nufi a kafaɗar mutane.

Mambila tana sama da mita 1,500, kuma sanyin darenta ba wasa ba ne. Muna tsakiyar hanya baiwar Allah ta fara karkarwa ta gaske, haƙoranta na haɗuwa. Mun lulluɓe ta da bargo ta sama, mun manta ƙasa, iska na shiga ta cikin buhu. Likitar ta tsayar da mu, aka shimfiɗa mata bargo da leda a ƙarƙashi, aka rufe kanta. A nan ta bayyana mana cewa jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa yadda ya kamata, don haka wanda ya zubar da jini sanyi na ƙara masa zuba, ko da a watan Afrilu ne a Yola. Mu kuwa mun saba yaye wa majinyaci tufafi, mu ɗaura masa ruwa mai sanyi, mu bar shi a kan siminti.

A daren ne kuma aka ba ni aikin rubutu. Duk minti goma sha biyar in ƙirga bugun jini da numfashi, in duba ko tana amsa magana, in rubuta da lokaci. Da farko na ɗauka an ba ni ƙaramin aiki ne. Malaman suna raɗa mini lambobin bugun jinin da zan rubuta: 88, sai 96, sai 108, sai 120. Kowace lamba ita kaɗai ba ta tayar da hankali sosai, amma da na jera su a takarda sai na ga mace tana zubar da jini a ciki. Babu na'urar hoto, babu ɗakin gwaji, agogo da biro ne suka nuna.

Da muka iso bakin wani rafi sai aka ce mana ya cika, a ƙaddara ruwa ya kai ƙirji. Nan gardama ta tashi. Wani likita ya ce a tsallaka, jinkiri zai kashe ta. Wata jami'ar lafiya ta ce mutum goma sha biyu za a jefa cikin ruwa da duhu saboda mutum ɗaya. Muka yi ta ja, malaman ba su ce uffan ba. Daga ƙarshe muka tsaya a kan a tura mutum biyu su hau tudu neman sabis su kira mota ta jira a tsallake, sauran mu hura wuta, mu ci gaba da awo, mu sake shawara idan lambobin suka ƙara lalacewa ko ruwa ya ja. Da safe na tambayi likitar wace ce amsar daidai. Ta ce ba ta da ita, abin da take nema shi ne ta ji mun auna haɗarin tafiya da haɗarin zama, mun sanya wa kanmu sharaɗin canza shawara, kuma mutum ɗaya ya ɗauki nauyin yanke magana. A ganina wannan ne zuciyar horon gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ba a taɓa zaunar da ni an koya mini ba.

Akwai inda horon ya gaza, kuma mun faɗa musu. Takardun da aka raba mana an tsara su ne don matafiya masu ƙarfi a jika, shafi da yawa a kan ciwon hawan tsauni da ƙanƙara. Ungozomomin suka tambaya ina matar da ta haihu a ruga jini ya ɓalle mata, ina yaron da ke suma da zazzaɓi. Sai da aka ƙara zama na musamman, su da kansu suka koya wa likitocin murza mahaifa da matse ta da hannu biyu. Haka nan babu ko layi ɗaya a kan dangi. A wurinmu ba ka ɗaga majinyaci sai da yardar miji ko uba ko arɗo, kuma kuɗin mota na cikin abin da ake aunawa.

Saran maciji ne darasin da na fi kowa zaƙuwa a kansa, domin yankinmu gidan kububuwa ne, wadda ake wa laƙabi da gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi kwana ɗaya ko biyu kamar lafiya, sai dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, wani ya zuba a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta mayar da saransa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Abin da ya fi wuya shi ne, hannun da aka kwana uku ana koya wa ɗauri, a nan an ce kada ya ɗaura. Ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse. A cire zobe da abin hannu, a tallafe gaɓar kamar karaya, a hana shi tafiya da ƙafa, a nufi inda maganin dafi yake. Gwajin da ake yi kuwa ko a bukka ana iya yin sa: a ɗebi jini kamar mililita 2 a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba taɓawa, a karkata. Idan ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga jini. Na ji daɗi da na ji cewa wannan gwaji yana da tushe a ƙasarmu, a aikin da wani likita ɗan Birtaniya, David Warrell, da abokansa suka yi a kan kububuwa lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970.

Wata biyu da komawata, lokacin girbin gyaɗa, aka kawo mini yaro ɗan shekara goma sha uku bayan sallar isha'i, a kan babur, an tamke masa ƙwauri da robar taya. Yana magana garau, ƙafar ce kawai ta kumbura. Na sa masa allurar ƙarin ruwa, na sassauta robar a hankali, na ba shi farasitamol, na hana a yi masa allura a tsoka ko a ba shi maganin ciwon jiki irin su daikulofenak. Na ɗebi jini na ajiye a kwalba, na rubuta 8:40 a bayan hannuna. Mahaifinsa ya ce, "Malam, ka ba shi magani mu koma, da safe ma gani. Ai ga shi yana hira."

Na ce, "Baba, zauna nan kusa da ni, mu jira kwalbar nan tare."

Ƙarfe tara daidai na miƙa masa ita na ce ya karkata da hannunsa. Jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa ƙanensa ya je ya tayar da mai mota.

Na ɗaure ƙafar a jikin katako, na shimfiɗa bargo a ƙasan motar na lulluɓe yaron da wani, na rubuta lokacin sara, lokacin da aka kwance roba, sakamakon gwaji da awo uku da na yi, na maƙala takardar a rigarsa. Na kira asibitin masu saran maciji na Kaltungo na tabbatar akwai magani kafin su tashi. Ƙanen uban na ba shi agogona, na nuna masa inda zai sa yatsa a wuyan hannun yaron, na ce duk minti goma sha biyar ya ƙirga ya rubuta a bayan takardar. Bayan kwana biyar ya dawo mini da agogon, da takardar, lambobi tara a jere da rubutun ajami, ya ce yaron yana gida yana cin tuwo.