Gasa wa mutum talatin nama ba tare da tulin leda ba

Washegarin Babbar Sallah na haɗa gashi a tsakar gida na mutum talatin, da niyyar kada sharar taron ta wuce bokiti ɗaya. Abin da ya tunzura ni shi ne abin da mahauci ya zaro daga tumbin ragon layya: dunƙulen baƙar leda, ta cure kamar igiya, girman dunƙulen hannu biyu. Ya ɗaga ta ya ce, "Alhaji, ka ga abin da ya hana shi ƙiba." Ledar da muke watsarwa bayan taro ce dabbobi ke ci a bola, sauran kuma ta toshe kwata da zarar damina ta sauka.

Lissafin nama shi ne farko. Tsoka zalla giram 250 ga kowane mutum ta isa idan akwai gurasa ko masa, wato kilo bakwai da rabi. Na raba shi kashi uku, ina fito da kashi ɗaya, sauran na cikin kula da ƙanƙara. A zafin nan namu ɗanyen nama ba ya son ya wuce awa guda a fili. Wanda ya shimfiɗa duka a tire tun safe, kashin ƙarshe zai canza wari kafin ya ga wuta. Ƙashi da kai da ƙafa sun tafi tukunyar farfesu, kitsen da aka yanke kuma aka narka shi a ƙaramar wuta, da shi muka riƙa shafa naman.

Murhun rabin duro ne, amma a tabbatar duron na kayan abinci ne, kuma a ƙona shi babu komai a kai kafin ranar. Kada a ɗora nama a kan ragar tsohon firji ko wayar da aka shafa wa sinadarin hana tsatsa, domin shafen yana narkewa ya shiga abinci. Rodi siriri da mai walda ya jera ya fi. Gawayi kilo shida na tanada, na kuma kunna shi ba da kananzir ko leda ba, waɗanda warinsu ke kama nama. Babban gwangwanin madara na cire wa gindi, na huda gefensa ta ƙasa, na cusa takarda mai ɗan maiƙo da totuwar masara, na cika saman da gawayi. Minti ashirin ya yi jajir. Sai a juye garwashin gefe ɗaya na duron a bar ɗaya gefen da ɗan kaɗan: a babbake nama a gefen zafi, a ƙarasa shi a gefen sanyi. Da haka babu yankan da ya ƙone har a jefar.

Kuskurena na farko a yaji ne. Na barbaɗe tsiren da ƙuli-ƙuli mai yawa tun kafin ya hau wuta mai ƙarfi, man gyaɗar ya ƙone, tsinke goma suka yi ɗaci. Gyaran shi ne shafi kaɗan da farko, sauran yajin kuma sai saura minti biyu a sauke. Tsinken itace a jiƙa shi rabin awa; na ƙarfe da maƙeri ke yi ya fi, don shekara mai zuwa yana nan.

Abin sha ne ke tara shara fiye da komai. Mutum talatin, kowa ya sha ruwan leda uku, leda casa'in ke nan a ƙasa. Na cika randa biyu da tataccen ruwa tun dare, na dafa zoɓo lita ashirin da citta da kanumfari a kula mai famfo. A nan na sake yin kuskure: kofi talatin na aro don mutum talatin. Kowa ya sha sai ya ajiye inda ya ga dama, ya dawo ya nemi wani, kafin la'asar babu kofi mai tsabta. Kofi arba'in da biyar ake buƙata, da baho biyu a gefe, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, da yaro guda da aka ɗora wa aikin. Ci kuwa a manyan tire muka yi, mutum biyar biyar, yadda aka saba, sai wanke-wanken ya zama tire shida maimakon faranti talatin.

Rubutu a jikin bokitin shara ba ya aiki, babu mai karantawa da maiƙo a hannu. Bokiti uku na jera kusa da wurin wanke hannu: na ƙashi, na ɓawon kabeji da kankana da ya tafi wurin awaki, da na robobin lemon da wasu baƙi suka shigo da su, waɗanda 'yan jari-bola suka kwashe.

Inda aka kusa ka da ni shi ne ƙunshin tafiya gida. Ba a sallamar baƙo hannu rabbana ranar Sallah, kuma kowa leda yake jira. Matan da na gaya wa tun da wuri sun zo da kwanukansu masu murfi. Sauran na naɗe musu a farar takarda marar rubutu, ba jarida mai tawada ba, ba kuma takardar siminti ba. Duk da haka Inna ta zaro ledarta daga jaka, ban ce komai ba.

Hadari ya taso da yamma, wani ya ce a shigar da murhun zaure. A'a. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. Ƙarƙashin rumfa muka matsa. Da aka gama ban kwara wa wutar ruwa ba, don yana sa duro tsatsa. Na kwashe garwashin cikin tukunyar ƙarfe na rufe ruf, da safe na sami kusan kilo biyu na gawayi mai kyau. Da tokar aka goge rodin da tukwane, ragowar na zuba a ramin taki.