Ranar da Malam ya rubuta mini "bombastic"

Da jan biro Malam ya rubuta kalmar a ƙasan insha'ina: bombastic. Ban taɓa jin ta ba, amma da na hango "bomb" a farkonta sai na ɗauka cewa yake rubutuna ya tashi kamar bam. Kwana biyu ina nuna wa abokai takardar ina hura hanci, kafin wani daga cikinsu ya tausaya mini ya ce in buɗe ƙamus.

Ashe babu ruwan kalmar da bam. Asalinta auduga ce. A ƙarni na 16 mutanen Ingila kan cusa auduga cikin riga da wando don su kumbura, mai su ya yi kwarjini, kuma wannan cushen shi ake kira bombast. Daga baya aka liƙa sunan ga maganar da aka cika da manyan kalmomi alhali cikinta fanko ne. Wato dai Malam cewa ya yi na zuba dogon Turanci. Kuma bai zalunce ni ba, domin a lokacin ina da wani ɗan littafi da nake tara kalmomi masu nauyi, duk wadda ta fi tsawo ita nake fara nema wa gurbi a jimla, ko ta dace ko ba ta dace ba.

Haushi ne ya sa na buɗe sabon shafi a littafin don dangin wannan kalma, sai na tarar da su gayya guda. Akwai grandiloquent, daga Latin, mai magana da girma-girma. Akwai turgid, abin da ya kumbura. Gasconade ta samo suna daga yankin Gaskoni na Faransa, saboda an yi wa mutanensa shaidar cika baki, ko da gaske ko ƙazafin maƙwabta. Braggadocio kuwa sunan wani matsoraci ne mai kuri a waƙar da marubucin Ingila Edmund Spenser ya fitar a 1590. Na lura duk kalmar da na san labarin asalinta ba ta ɓace mini, waɗanda na haddace haka kawai kuwa ko mako ba su yi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rarrabe su. Da farko duk na jera su a matsayin "cika baki", kuma kuskure ne. Exaggerate ƙarin gishiri ne, kowa na yi, ko mai gaskiya. Boast da brag fariya ce, mutum na yabon kansa, sai dai brag ta fi muni a kunne. Pompous kuma ba sai ka yabi kanka ba, ɗaukar kai ce da fankama a yadda kake magana. Hyperbole daban take, kambamawa ce ta adabi wadda mai faɗa da mai ji duk sun san ba a zahiri ake nufi ba, kamar ka ce na kira ka sau dubu. (Ita wannan ta kunyata ni a gaban aji. Gaɓa huɗu ce, hai-pa-bo-li, ni kuwa na karanta ta "haipabol" da ƙarfina.)

Na sake rubuta insha'in, shafi uku ya koma ɗaya da rabi. Da na miƙa, na ce, "Malam, a duba mini, na cire audugar." Ya yi murmushi, ya karanta a tsaye, ya rubuta kalma biyu: not bad. Raina ya ɗan sosu, don na zaci cewa yake da sauran aiki. Sai da muka zo darasin understatement na gane cewa Baturen Ingila kan rage wa magana gishiri da gangan, kuma a bakinsa "ba laifi" na iya zama babban yabo. Takardar tana nan cikin ɗan littafin, a shafin da gasconade take.