Kafin ka kwaso tayil daga kasuwa, duba ƙasan ɗakin tukuna

A Gombe yanzu in mutum ya ce zai gyara gida, abin da ke fara fitowa daga bakinsa tayil ne. Ba laifi, ni ma ina son in taka tayil mai sanyi a watan Afrilu lokacin da gari ya ɗau zafi har fanka ma iska mai zafi take hurowa. Amma mu da muke son yin gyaran da hannunmu, ko dai mu tsaya a kan aikin da kanmu don kuɗi ya ragu, mukan ruga wajen zaɓen kala da zane mu manta da ƙasan da za a ɗora abin a kai, alhali nan ne aikin yake.

Ka ɗauki guntun ƙarfe ka bi tsohon simintin ɗakin kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji ƙara kamar akwai rami a ƙasa to wurin ya rabu, sai an fasa an sake. In akwai tsagewa doguwa da ta ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan kar ka ce tayil zai rufe ta, zai rufe na ɗan lokaci sannan shi ma ya tsage a daidai wurin, musamman a unguwannin da ƙasarsu laka ce, da damina ta sha ruwa ta kumbura da rani ta bushe ta tsuke, ginin yana ta motsi ba ka sani ba. Sai maganar damshi. Ka yanko leda ka shimfiɗa a ƙasa ka manne gefunanta da salatif ka bar ta ta kwana, da safe in ka ga raɓa a ƙarƙashinta to ruwa na tasowa daga ƙasa, ke nan lokacin da aka zuba jaman fulo, wato kankaren ƙasan ginin, ba a shimfiɗa leda a ƙasa ba. Irin wannan ɗakin in ka sa masa kafet ɗin leda wari zai kore ka kafin damina ta fita.

Siminti kam mu a nan Allah ya hutar da mu, ga Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye tun 1979 suke yi, ga Dangote ga BUA duk a kasuwa. Ni ba ruwana da gardamar wane ya fi wane, abin da nake dubawa buhun sabo ne ko ya daɗe a shago. Ka danna shi da hannu, in ka ji dunƙule-dunƙule a ciki ya sha iska, bar shi ko da an rage maka kuɗi. Buhu kilo 50 ne, kuma wajen daidaita ƙasa kwano 1 na siminti a kwano 4 na yashi ya yi. Yashin kuma na kogi mai kaifi, ba mai haɗe da ƙasa ba, ka damƙa a hannu in ya bar maka jan datti a tafi to akwai matsala. Bayan an shafe a riƙa ba shi ruwa har kwana 7, da hunturu ma sai ka ƙara ƙoƙari don iskar nan tana busar da siminti tun bai kama ba, daga baya ka ga yana ta zubar da gari.

To yanzu mu zo kan tayil ɗin. Akwai seramik akwai fosilen, na biyun ya fi tauri ya fi tsada kuma kusan ba ya shan ruwa. In mai shago ya rantse maka fosilen ne, juya bayansa ka ɗiga ruwa, in ya shanye nan take ka san abin da ke hannunka. A ɗakin kwana seramik ya wadatar wallahi, ba sai ka takura aljihu ba. Falo da baranda inda ake yawan shige da fice da jan kujeru, nan ne fosilen ke biyan kuɗinsa.

Inda ba na sassautawa shi ne santsi. Mu mutane ne masu alwala sau biyar a rana, ƙafa a jiƙe ake fitowa, yara na zubar da ruwa, ga tsofaffi a gida. Tayil mai ƙyalli ɗin nan da kake ganin fuskarka a ciki yana da kyau a hoto, amma ka sa shi a banɗaki ko bakin ƙofar banɗaki ko kicin, ranar da Hajiya za ta zame a kai kuɗin asibiti sai ya ninka na tayil ɗin. Waɗannan wuraren a nemi mai kaushi-kaushi, ka jiƙa yatsa ka goga a kai tun a shago, kar ka ji kunyar kowa.

Kala kuma, fari tas da baƙi wuluk duk wahala ce ga matan gida, ƙurar hunturu ta sauka ko'ina sawun ƙafa ne. Ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan toka mai ɗan zane sun fi rufa asiri.

Lissafi ba wuya. Ɗakin da muke ce wa 12 da 12, wato ƙafa 12 kowane gefe, bai kai sikwaya mita 14 ba, kusan 13 da rabi ne. Tayil mai santimita 60 da 60 yawanci guda 4 ne a katan, wato sikwaya mita 1.44, ka ga katan 10 zai rufe ɗakin da ƙyar, sai ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 11, in da sikatin, wato siririn layin tayil da ake zagayawa a gindin bango, ka ƙara wani. Ka duba lambar da ke jikin katan ɗin ta zama iri ɗaya duka, don zane ɗaya kamfani ɗaya amma fitowa daban sai ka ga wannan ya fi wancan duhu, kuma ba ka ganewa sai an gama shimfiɗawa rana ta haska. Ka ajiye ragowar a sito, bayan shekara biyu ba lallai ka sake samun irinsa ba.

Ba dole sai tayil ba fa. Siminti da aka goge da kyau aka sa masa jan kala har yanzu yana aiki, ka jefa darduma a kai shike nan. Terazo, wato siminti mai haɗe da ƙananan duwatsu da ake gogewa ya yi sumul, in ka samu wanda ya iya, jikokinka ma za su taka, duba tsofaffin makarantu da asibitoci. Kakanninmu mata ma da daɓe suka rayu, tsakuwa da ruwan makuba na bawon ɗorawa, ana bugawa ana waƙa. Wanda ban ba da shawara ba shi ne na katako ɗin nan da ake gani a bidiyon Turawa, ga gara ga mofa mai ruwa kullum, ba zai kai labari ba.

Me za ka iya yi da kanka? Awo, sayayya, fasa tsohon siminti, ba da ruwa, jiƙa seramik kafin a ɗora, cike layuka da farin siminti, duk waɗannan kai da ƙannenka kun isa. Ƙaramin ɗaki ma za ka iya gwada shimfiɗawa in kana da lebul na duba daidaito da gudumar roba da haƙuri, ka ja igiya daga tsakiya don yankakkun su faɗa gefen bango, kuma simintin ya cika bayan tayil ɗin gaba ɗaya, ba ɗan ɗigo a kusurwa huɗu ba, ɗigon nan shi ke sa ya fashe in an ɗora ƙafar gado. Banɗaki kam kira mai tayil, saboda gangara. In ya ce ya gama, a bar wurin kwana 2 ba a taka ba, sannan ka cika bokiti ka sheƙa a gabansa ku ga inda ruwan zai nufa. In ya bi magudana ka cika masa kuɗinsa, in ya kwanta a kusurwa ko ya nufo ƙofa sai a ɗaga layin a gyara.